Babban Yatsan Yaya Mamman

A kwana na huɗu da barin Dogarawa na daina jin warin albasa. Buhunan suna nan jibge a bayanmu yadda aka ɗora su, hancina ne ya gaji ya sallama. Ina zaune a gaban babbar mota kusa da direba, na rungume wata jaka kamar an ce za a ƙwace. A cikinta akwai babbar rigata guda ɗaya, da hotunan rudu uku, da takardar gayyata zuwa wani taro a Abijan inda aka ce masu kuɗi za su zauna su saurari masu dabara.

Rudu shi ne rumbun da muke ajiye albasa a ciki. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ciwon: lokacin cirar albasa ba ta da daraja ko kaɗan, in kuma ka ce za ka ajiye har ta yi tsada, zafi da laima su raba ta da kai. Ni na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, na kuma taɓa karatun noma, sai na ƙirƙiro rudu na ƙasa mai shimfiɗar itace a ɗage, da fanka mai aiki da hasken rana tana jan iska ta ƙarƙashi. A gonar wana, Yaya Mamman, na gina su. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara goma sha biyu, bai taɓa zama a aji ba. Shi ya ba da fili, shi ya buga tubali, kuma shi ya zuba noman shekararsa gaba ɗaya a rudun farko lokacin da mutanen gari ke cewa Sahabi ya sa wa albasa fanka kamar mai jego. Da na je Konni yin rajistar kamfani na ce ya zo mu je tare, sai ya ce shi ba ya iya zaman buro, wato ofis, in rubuta sunana kawai, duk ɗaya ne. Na rubuta sunana ni kaɗai, ban san cewa wannan ƴar maganar za ta kusa cinye rabon wana ba.

A Yamai muka yi kwana biyu muna jiran takardun duwan, wato kwastan. A ƙasar Burkina kuma muka yi huɗu a wani fili muna jiran motoci su taru a tafi ayari da rakiyar soja. Ba abin yi sai kwanciya a ƙarƙashin mota da rana, ana kallon ƙafafun masu wucewa. A nan na koyi yin mafarki ido biyu. Sai in ga gudro, titin kwalta, daga Malbaza har Illela, gefe da gefe ruduna ne jere farare, fankokinsu na juyawa a hankali, tsuntsaye na sauka a kan farantan sola. In ga Yaya Mamman cikin farar shadda yana tafe a tsakani yana duba su ɗaya ɗaya. Ban taɓa ganinsa da shadda ba a rayuwata, amma a ƙarƙashin motar nan kullum da ita yake zuwa.

Wata mata mai sayar da tuwo a filin ta lura kwana biyu ruwa da ƙuli-ƙuli nake ci don tattalin guzuri. Ba ta jin Hausa, ni ban jin yarenta. A rana ta uku ta ajiye mini kwano ta juya ta tafi, da na bi ta da kuɗi ta ɗaga ludayi kamar za ta doke ni. Miyar ba ta kai ta gida ba, amma na cinye har na suɗe kwanon.

Daga Bobo ƙasa ta fara canja riga. Itatuwa suka yi ta tsawo suna haɗa kai a saman hanya, ruwan sama ya riƙa zuwa ba sallama ya wuce ba ban kwana. Kore ya yi yawa har idona ya fara marmarin jan ƙasarmu. A lokacin gero ya nuna a gida, na san ana can ana yankan zangarniya, ni kuwa ina nan ina ƙirga ayaba a bakin hanya. Kewa ta kama ni sosai, ba na ɓoyewa.

A Abijan na sauka wurin Alhaji Ilu, mutumin Illela, wanda ya shekara talatin yana saukar da fataken albasa a kasuwa. Dattijo ne mai ƙaramin jiki da babbar murya. Ya duba takardar gayyatata a juye, ya miƙo mini, ya tambaye ni ko bashi na zo ci, don in da ruwa ne a ciki gara in koma tun da sauran mutuncina. Na ce ba bashi ba ne. Ya ce to mene ne? Gaskiya ni ma ban sani ba. Na dai ji an ce suna zuba kuɗi a sana'ar da ba ta girma ba tukuna.

Wannan rashin sanin ne ya kai ni hannun Bala. Ɗan wajenmu ne, Hausarsa irin tamu ce sak, yana yawo a kasuwa da kwat da takalmi mai tsini a cikin ɓawon albasa. Ya ce duk masu taron nan abokansa ne, kuma ba wanda ke shiga wurinsu da hotuna uku kamar mai neman aure, sai da kundin tsarin kasuwanci. Ya karɓi kusan duk abin da ke aljihuna, har da kuɗin komawa, ya kawo mini kundi mai kauri da bango mai sheƙi. Na ji daɗi ƙwarai. Sai da na zauna karantawa bayan la'asar na ga a shafi na shida an ce rudunana za su riƙa yin ƙwai kullum. Kundin wani mai kiwon kaji ne, Bala ya bi ya goge kaza ya sa albasa, inda ya gaji ya bari. Na zaga kasuwar nan sau uku da kundin a hannu, da na same shi a ranar da sai ya ci shafi na shida. Alhaji Ilu ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya sa aka kawo mini shinkafa.

An yi taron a wani otel a bakin ruwa. Gilashi ne ko'ina, ga sanyi kamar cikin randa, ga kwale-kwale suna wucewa a waje ba ka jin motsinsu. Na zauna cikin babbar rigata ina jin kamar har yanzu a ƙarƙashin mota nake, wani zai taɓa ƙafata in farka. Kowa minti biyar aka ba shi. Matasa suka riƙa hawa suna cewa nan da shekara uku za su mamaye ƙasa goma, nan da biyar duk Afirka. Wani ma bai fara komai ba, amma ya riga ya san ribar jikokinsa. Na riƙa jin kunya a madadinsu.

Da aka zo kaina na nuna hotuna, na yi bayani da Faransancina na lakwal. Sai wani mai gilashin ido ya tambaye ni rudu nawa zan gina nan da shekara biyar. A garinmu ko buhu ɗari ka cire aka tambaye ka, cewa za ka yi an samu ɗan abin da ba a rasa ba. Mutum ba ya ƙirga arzikin da ke hannunsa a gaban jama'a, balle wanda bai zo ba. Don haka na ce masa abin da Allah ya hore. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar, har na ƙara da cewa ba a yi wa gobe shisshigi. Aka tafa mini irin tafin da ake wa wanda ake so ya sauka.

Ina tsaye a wurin shan shayi ina tunanin yadda zan koma gida ba ko sisi, sai wata mata ta tsaya a gabana. Doguwa ce, da furfura kaɗan a gaban goshi, ta ce sunanta Madam Awa. Ta tambaye ni ko da gaske albasa na yin wata shida a rudun. Na sa hannu a aljihu na ciro guda ɗaya daga ta Yaya Mamman, wadda aka cira tun kafin bazara. Na yanka ta da ƴar wuƙata a kan farantin shayinsu. Tana nan da ƙarfinta, ja har ciki, ruwa na tsattsafowa. Madam Awa ta sunkuya ta shinshina, idanunta suka kawo hawaye, ta yi dariya tana gogewa. Ta ce in same ta a buronta jibi.

Buron yana hawa na tara. Daga tagar ana ganin gada da motoci ƙanana kamar tururuwa. A nan ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ya kamata in nema tun a Dogarawa. Ta ce kuɗin da take zubawa ba nata ba ne. Na masu ajiyar fanshon ma'aikata ne, da kamfanonin inshora, da wasu attajirai, sun damƙa mata ita da abokan aikinta na kamar shekara goma, su juya su maido da ƙari. Ta ce ba rance take bayarwa ba. Za ta sayi wani kaso ne na kamfanin, in an samu a samu tare, in abin ya rushe kuɗinta sun tafi, ba za ta aiko mini da jandarma ba. Ta ce cikin ƙananan sana'o'in da take shiga yawancinsu mutuwa suke yi ko su tsaya cak, ɗaya ko biyu ne ke girma har su biya asarar sauran. Shi ya sa take neman wanda zai ce ɗari, don wanda ya tsaya a rudu uku, ko da lafiya lau yake, bai ishe ta ba. Amsar da na bayar a taro ta ba ta tsoro, in ji ta, albasar ce ta dawo da ita.

Ta nuna rufin buron da yatsa ta ce a hawa na sama akwai wasu masu irin aikinta amma manya. Su ba sa kallon jariri. Kamfanin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa suke saye, galibi su karɓi mafi yawan kaso, su canja masu tafiyar da shi in ya kama, su gyara, su sayar bayan ƴan shekaru. Da na ba Alhaji Ilu labari ya ce ai ya gane: ita mai sayen ɗan akuya ce tun yana shan nono, na saman kuwa masu turke rago ne su kitsa shi don kasuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar fita. Ta ce nan da shekara shida ko bakwai dole ta sayar da kasonta don ta maida wa masu kuɗi abinsu. Mai yiwuwa ni in saya, mai yiwuwa na hawan sama, mai yiwuwa wani can da ba a haifi tunaninsa ba tukuna. Sannan ta buɗe takardar rajistata ta tambaye ni filin da rudunan ke kai na wane ne. Na ce namu ne. Ta ce ku wa? Na ce na wana ne, amma duk ɗaya ne.

“A wurinka ɗaya ne,” in ji ta. “Wanda zai sayi kasona bai san wanka ba, bai san wa ya buga tubali ba. Takarda kawai zai karanta, kuma a takardar nan kai kaɗai ne.”

Ta ce hanya biyu ce. Ko dai kamfani ya biya wana kuɗin filinsa a sallame shi, ita ta ɗauki kashi ashirin da biyar cikin ɗari, ni in riƙe saba'in da biyar. Wannan ana iya gama shi a makon nan. Ko kuma in koma gida a rubuta shi a matsayin mai kaso, a gaban mai hatimin hukuma, in raba nawa da shi. Amma kwamitinsu zai zauna ƙarshen wata, kuma kuɗin da suka ware wa ƙananan sana'o'i sun kusa ƙarewa. In na makara, ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Kwana biyu na yi ina yawo a bakin ruwan nan da saba'in da biyar a kaina. Na riƙa gaya wa kaina ai dabarar tawa ce, ni na yi karatun, ni na kwana a ƙarƙashin mota. Yaya me zai yi da kaso? In aka ba shi kuɗin fili a dunƙule ma sai ya fi murna, ya sayi shanun huɗa. Ruwan yana ta ƙyalli, benaye na rawa a cikinsa, na ga kaina a hawa na tara ina kallon mutane ƙanana. A wannan mafarkin na duba ko'ina ban ga mai farar shadda ba, kuma ban damu ba.

A rana ta biyu da hantsi ya kira ni a waya. Bai tambayi kuɗi ba, bai ma tambayi yadda taron ya kasance ba. Ya tambaya ko ina samun abinci, don an ce mutanen can rogo suke ci safe da yamma. Sannan ya ce ruwan ƙarshe ya zubar da gefen rudu na uku, amma kada in damu, ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe shi, bayansa ne dai ya ɗan riƙe. “Rudunmu na nan lahiya lau,” ya ce, “kai dai ka gama ka taho.” Da ya kashe na zauna a kan wani dakali. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai, kamar masu wucewa sun ji abin da na kwana biyu ina saƙawa.

Na koma hawa na tara na ce wa Madam Awa ba zan sa hannu ba sai da wana. Ta dube ni ta ce sauran kwana ashirin. Alhaji Ilu ya sa ni a wata motar da ta sauke kaya za ta koma, ya cusa mini kuɗi a aljihu, da na fara godiya ya ce in rufe masa baki in gaida Illela in na wuce ta kusa. Motar da ba kaya ta fi gudu, amma jiran ayari bai san da kwamiti ba. Kwana goma sha ɗaya muka yi.

Na ɗauka wahalar ta ƙare a hanya. Ashe tana zaune a gindin rudu na uku cikin siffar wana, tana gyaran igiya. Na yi wa Yaya Mamman bayani tun daga masu fansho har zuwa kwamiti, yana saurare yana gyaɗa kai. Da na zo kan cewa gobe za mu Konni a rubuta rabonsa da nawa, sai ya ajiye igiyar.

“Takarda tsakanina da kai, Sahabi? Ni da nig goye ka? Mi niy yi maka?”

A wajenmu takarda ta baƙo ce, ko ta wanda ake shakkar amanarsa. Ƴan'uwa ba sa rubuta rabo sai in gado za a raba, wato sai zumunci ya zo ƙarshe. A kunnensa, na je birni na dawo da wuƙar yanka mu biyu. Ya ce in kuɗin mutanen nan sai an raba shi da ƙanensa za su zo, su riƙe abinsu, rudu uku sun ishe shi. Ya tashi ya tafi gida, ya bar ni da igiya. Haushi ya kama ni, na ce a raina na bar saba'in da biyar a Abijan don wannan mai taurin kan. Kwana uku ba ya amsa mini sai gaisuwa, kwanakin Madam Awa kuwa suna ta zubewa.

A rana ta huɗu na same shi a gona na gaya masa abin da ban yi niyyar gaya wa kowa ba. Na ce masa kwana biyu na yi a bakin ruwa ina shirin sallamarsa da kuɗin fili. Na ce in ni da ya goya na iya tunanin haka don na ga gilashi, to baƙon da zai zo nan da shekara bakwai, wanda bai taɓa cin tuwon gidanmu ba, me zai hana shi? Na ce takardar ta wancan mutumin ce, kuma ta ni ce in shaiɗan ya sake samuna a hawa na tara. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Can ya ce in nemo mai babur da safe.

A buron Konni aka karanta mana takardar, aka fassara masa. Bayan kason Madam Awa, abin da ya rage rabi nasa rabi nawa. Magatakarda ya nuna mini layina a dama, ya nuna masa nasa a hagu, ya tura masa tawada. Yaya Mamman ya danna babban yatsansa mai kaushi a inda aka ce. Na ɗauki biro zan sa hannu, sai ya riƙe mini hannu.

“Aje abin ga. Sa yatsa kamar ni. Kuma nan za ka sa, jikin nawa, kak ka bar hili tsakani.”

Magatakarda ya ce ba haka ake yi ba, kowa da layinsa. Yaya ya ce to a yage takardar. Aka yi ta ja har mai hatimin ya fito ya ce in sa hannu a layina yadda doka ta ce, yatsa kuma in sa inda dattijo ke so. Na danna nawa a jikin nasa, har gefensu ya hau juna.

Takardar ta isa Abijan saura kwana ɗaya. Kuɗin da suka zo ba su kai na mafarkina ba, rudu goma sha ɗaya muke da su yanzu, kuma har yau Yaya bai ɗinka shadda ba, ya ce ƙasa za ta ɓata ta. Madam Awa za ta sayar da kasonta in lokacinta ya yi, ta gaya mana tun farko. Wata rana wani mutum da ba mu sani ba zai buɗe kundinmu a wani bene, ya ga tambarin yatsu biyu sun hau juna a ƙasan shafi, ya ɗauka tawada ce ta zube wa magatakarda.